Idan Abuja Ta Sauya Tsari, Me Jami'a Za Ta Yi?

Tambaya: An naɗa ni daraktar tsare-tsaren karatu a wata jami'ar tarayya da ke Arewa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kusan kowane mako sai takarda ta zo daga Abuja, ko daga hukumar kula da jami'o'i NUC, ko asusun tallafa wa manyan makarantu TETFund, ko ofishin Akanta Janar, wani lokaci ma ta yau tana karo da ta jiya. Ga shi shugaban jami'a ya ce in kawo masa tsarin shekara biyar. Ta yaya mutum zai tsara shekara biyar alhali bai san abin da wata biyar zai haifar ba?

Amsa: Dakta, Allah ya taya ki riƙo, ya sa ki gama lafiya.

Ruɗanin da kike ciki yana da dalili. A watan Satumban 2015 aka kwashe kuɗaɗen jami'o'in tarayya daga bankunan kasuwanci aka zuba su a asusun bai-ɗaya da ke Babban Bankin Najeriya. A ƙarshen 2019 aka ce dole kowane malami ya shiga tsarin biyan albashi na IPPIS, rigimar da ta zama ɗaya daga cikin musabbabin yajin aikin wata tara na 2020 da na wata takwas na 2022, sai kuma a watan Disamban 2023 majalisar zartarwa ta ce a fitar da jami'o'i daga tsarin. A watan Yunin 2023 aka rushe majalisun gudanarwar jami'o'i, aka shafe kusan shekara guda kafin a naɗa sababbi. A watan Oktoban shekarar takarda ta fito cewa za a riƙa cire kashi 40 cikin ɗari na kuɗin shigar jami'o'i kai tsaye, ba a yi wata biyu ba ministan ilimi Tahir Mamman ya sanar a bikin yaye ɗalibai na Jami'ar Ibadan cewa an janye. Shi dai ministan ne ya ce daga 2025 sai mai shekara 18 zai shiga jami'a, wanda ya gaje shi, Tunji Alausa, ya mayar da ita 16 a watan Nuwamban 2024.

Tushen abin ba ɓoyayye ba ne. Dokar da aka gyara a 2003 ta ba jami'o'i 'yancin gudanar da kansu, amma albashi daga Abuja yake zuwa, manyan gine-gine daga TETFund, kuma gwamnati ta ce ba a biyan kuɗin koyarwa a jami'o'inta. Wanda ke riƙe da lalitar shi ke gindaya sharaɗi, kuma duk sabon minista da nasa ra'ayin yake zuwa. Wannan ba abin da ofishinki zai iya gyarawa ba ne, don haka kada ki ɓata ƙarfinki wajen hasashen takardar da za ta zo gobe.

Abin da nake so ki lura da shi shi ne wannan. Idan kika jera takardun nan duka kika karanta su a natse, za ki ga tambaya biyu suke yi, sunan tsarin ne kawai ke canzawa: mutum nawa gare ku, kuma ina kuɗin da aka ba ku suka tafi? Asusun bai-ɗaya tambaya ta biyu ce. IPPIS ta farko ce. NELFUND, hukumar ba ɗalibai lamunin karatu, duka biyun take yi. Jami'ar da za ta iya amsa su cikin yini guda, da takardun da ba su saɓa wa juna, wahalar da take sha a kowane sauyi kaɗan ce. Wadda ba za ta iya ba, ko tsarin da aka kawo mai kyau ne sai ya zame mata masifa.

Mu fara da mutane, domin nan ne ofishinki ya fi ƙarfi. A jami'o'i da yawa za ki tarar da jerin sunayen ma'aikata har kala uku: na ofishin magatakarda, na ofishin ma'aji, da wanda ake nuna wa tawagar NUC idan ta zo tantance kwasa-kwasai. Ba lallai ne akwai mugun nufi ba. Wani ya rasu ba a cire shi a wuri ɗaya ba, wani ya tafi ƙaro karatu, wani malamin ziyara ne daga wata jami'a aka lissafa shi kamar na dindindin. Lokacin IPPIS an ga illar hakan ƙarara. Gaskiya ne tsarin bai san da malamin ziyara ko mai hutun bincike ko baƙon farfesa mai kwantiragi ba, kuma ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU ta yi daidai da ta koka. Amma ɓarnar ta fi yawa a inda jami'ar kanta ba ta da sahihin jeri da za ta ajiye a gaban Akanta Janar ta ce ga mutanena, ga matsayin kowa. Yanzu da aka fita daga IPPIS aka koma biya ta tsarin GIFMIS, jami'a ce ke shirya jadawalin albashinta, ma'ana duk kuskuren da ya fito nata ne, ba wanda za ta jingina wa. Ki nemi izinin shugaban jami'a ki zaunar da magatakarda da ma'aji da mai kula da sashen kwamfuta, a fitar da jeri ɗaya, a sa masa mai riƙo ɗaya, a riƙa sabunta shi duk wata. Za ki gamu da jan ƙafa, domin kowane ofishi yana ganin jerinsa ikonsa ne. Ki yi haƙuri, ki dage.

Haka batun ɗalibai. Tun da aka sake sa hannu a dokar ba da lamunin karatu a watan Afrilun 2024, aka buɗe shafin neman bashin a watan Mayu, NELFUND tana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, tana kuma tura wa ɗalibi naira 20,000 duk wata. Ɗalibin da jami'arsa ba ta ɗora bayanansa daidai ba, ba zai samu ba, ko da ya cancanta. Sannan ga matsalar da ta tayar da ƙura a 2025: sau da yawa kuɗin asusun suna isowa ne bayan uba ya riga ya sayar da hatsi ko akuya ya biya, don kada a rufe rajista. Jami'a ta karɓi kuɗi sau biyu ke nan a kan yaro ɗaya. Wasu makarantu sun yi jinkirin sanar da ɗalibai da mayar musu, har maganar ta kai gaban hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC. Dakta, wannan kuɗin bashi ne a wuyan yaron, shi zai biya shi shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa. Riƙe shi ko na mako guda ba tare da dalili ba zalunci ne. Ki sa a rubuta ƙa'ida ƙarara: ranar da kuɗi suka shigo a liƙa sunaye, a aika wa kowa saƙo, a kuma ƙayyade kwanakin da ba za a wuce ba kafin a mayar wa wanda ya riga ya biya.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ƙashin bayan tsarin da aka ce ki kawo. Kada ki rubuta jimillar abin da jami'a ke samu a layi ɗaya. Kowane kuɗi da halinsa. Albashi yana zuwa, amma ba ku da ikon juya shi. Kuɗin gudanarwa na yau da kullum kaɗan ne, kuma ba ya zuwa a kan kari. Kuɗin TETFund na gini ne da kayan aiki da ɗakin karatu da horar da malamai da bincike, ba a biyan albashi ko kuɗin wuta da shi. Kuɗin shiga na cikin gida shi kaɗai ne ke hannunku sosai. Tallafin bincike daga waje kuwa na mai binciken ne da aikinsa, amana ce kawai a wurinku.

Kuskuren da ya fi kassara jami'o'inmu shi ne ɗora nauyi na dindindin a kan kuɗin da ke zuwa sau ɗaya. TETFund ta ba kowace jami'ar gwamnati kimanin naira biliyan 1.9 a 2024, ta ƙara zuwa kimanin biliyan 2.8 a 2025. Kuɗi ne masu kauri, kuma kowane shugaba yana son ya bar ginin da za a tuna da shi. Amma ranar da aka yanke ƙyallen buɗe sabon ɗakin taro, ranar ce aka ƙara wa jami'a kuɗin wuta da na ruwa da masu shara da masu gadi har abada, kuma ba TETFund ce za ta biya ba. Da aka ɗaga farashin wuta na rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, ninki uku da ɗoriya, jami'o'in da suka fi yawan gine-gine su suka fi jin jiki. Saboda haka duk aikin da za ki sa a tsarinki, ki rubuta a gefensa abin da zai riƙa ci duk shekara da kuma aljihun da za a riƙa ɗauka. Idan babu amsa, gara a gyara tsohon ɗakin gwaje-gwaje ko a sa wutar sola.

Ki kuma sani cewa ita kanta TETFund ba dutse ba ce. Ta samo asali ne daga dokar soja ta 1993, bayan gwagwarmayar ASUU ta 1992 lokacin da Attahiru Jega ke shugabantar ƙungiyar, da harajin kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni, wanda ya kai kashi 3 a 2023. Ƙudirin gyaran haraji da aka kai majalisa a ƙarshen 2024 ya so a riƙa rage kason asusun har ya ƙare a 2030. An yi ca a kai, aka sauya. Dokar da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta haɗe harajin da wasu ta mayar da su harajin raya ƙasa na kashi 4, rabinsa na TETFund. Rabin huɗu biyu ne, ba uku ba. Ko yawan kuɗin zai ragu ko a'a ya danganta da ribar kamfanoni da ƙwazon masu tara haraji, amma mai hankali ba zai gina shekara biyar a kan zaton cewa kullum ƙaruwa za a yi ba. Ki shirya lissafi hawa uku: idan kuɗi sun zo kamar bana, idan sun ragu da kashi ɗaya cikin huɗu, idan sun makara da shekara guda. A kowane hawa majalisar gudanarwa ta amince tun yanzu da abin da za a fara dakatarwa da abin da ba za a taɓa ba. Shawarar da aka yanke cikin natsuwa ta fi wadda za a yanke ranar da ɗan kwangila ke tsaye a bakin ƙofa.

Kafin ma a yi kukan ƙarancin kuɗi, ki binciki nawa ne naku ke kwance a TETFund ba ku ɗauka ba. Kuɗin gini kashi-kashi ake sakinsu, 50 sannan 35 sannan 15, kuma ba a sakin na gaba sai an gamsu da bayanin yadda aka kashe na baya. Malami ɗaya da ya je taro bai kawo rasit ba, ko aikin da aka bayar ba tare da bin dokar ba da kwangila ta 2007 ba, na iya tsayar da kuɗin mutane da yawa.

Akwai kuma bambanci tsakanin sanarwa da umarni, kuma rashin gane shi ya jefa ma'aji da dama cikin tsaka mai wuya. Abin da minista ya faɗa wa 'yan jarida bayan taron majalisar zartarwa niyya ce. Fita daga IPPIS ta ɗauki kusan shekara guda tsakanin sanarwa da aiwatarwa. A 2024 an ba da umarnin cire kuɗin tallafin bincike na waje daga asusun bai-ɗaya, abin farin ciki ga duk mai binciken da ya taɓa jiran watanni kafin ya taɓa kuɗinsa, amma wannan ba izini ba ne na a ruga banki a buɗe asusu kafin takarda mai lamba da sa hannu ta iso. Mai binciken kuɗi idan ya zo bayan shekara uku ba zai tambayi abin da kuka ji a rediyo ba. Ki buɗe rajista ɗaya ta duk takardun umarni: ranar da ta zo, daga ina, wa ke da alhakin aiwatarwa, wace tsohuwar takarda ta soke. Idan biyu suka ci karo, a rubuta wa hukumomin biyu a nemi bayani a rubuce, a ajiye kwafi, a ci gaba da bin wadda doka ta fi ƙarfafa har amsa ta zo.

Bin umarni ba ya nufin yin shiru. Janye batun kashi 40 da ceto TETFund duka sun faru ne saboda an yi magana da murya ɗaya, kwamitin shugabannin jami'o'i da ƙungiyoyin ma'aikata da 'yan majalisa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma shugaban jami'ar da ya fito shi kaɗai kansa yake jawo wa. Gudunmawar ofishinki a nan ita ce alƙaluma. Wanda ya je Abuja ya ce muna shan wahala, za a ba shi haƙuri. Wanda ya ajiye takarda mai nuna abin da ake kashewa kan kowane ɗalibin likitanci a shekara da giɓin da sabon tsari zai buɗe, dole a saurare shi. Kada kuma ki ɓoye wa shugabannin ƙungiyoyin ma'aikata na ASUU da SSANU da NASU na jami'arku waɗannan alƙaluma. Yawancin rigimar cikin gida daga zargin ana ɓoye wani abu take tashi.

Za a matsa miki ki sa ƙarin kuɗin rajista a matsayin maganin kowane giɓi, kamar yadda jami'o'i da dama suka yi a 2023. Ba na cewa kada a taɓa ƙarawa, domin dizal da sinadaran gwaji ba kyauta ake samunsu ba. Amma a yankinmu, inda ake fama kafin a shawo kan uba ya bar 'yarsa ta wuce sakandare, kowane ƙari yana da yaran da zai mayar gida, kuma akwai iyalai da yawa da ke ƙyamar bashi ko da babu ruwa a cikinsa. Idan ƙarin ya zama dole, a zo da shi tare da damar biya kashi biyu ko uku, da asusun tallafa wa marasa ƙarfi wanda tsofaffin ɗalibai da gwamnatocin jihohi za su sa hannu, sannan a faɗa wa ɗalibai dalla-dalla abin da za a yi da kowace naira.

Game da abin da za ki kai wa shugaban jami'a, ki raba shi biyu. Kashi na farko, manufofin da ba su dogara da Abuja ba: kwasa-kwasan da kuke son ƙarfafawa, yawan ɗaliban da ɗakunanku da malamanku za su iya ɗauka da gaske, da abin da za ku zuba a kashi 30 cikin ɗari na manhaja da tsarin CCMAS na NUC ya bar wa kowace jami'a. Wannan ki rubuta shi na shekara biyar ba tare da fargaba ba. Kashi na biyu, lissafin kuɗi, ki rubuta na shekara biyu filla-filla, sauran ukun a dunƙule, tare da sharaɗin za a sake duba shi duk lokacin da TETFund ta raba takardun kason shekara. Kafin ki fara rubutun, ki roƙi ma'aji ya ba ki jerin duk ayyukan da aka fara ba a gama ba da bashin da ake bin jami'a, domin da su za ki buɗe shafin farko.