Gidan Kallo Inda Ake Taɓa Kaya

Wanda ya shiga birnin Kano ta Ƙofar Ɗan Agundi, ya nufi fada, zai iske Gidan Makama kusa da gidan Sarki. An gina shi tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Yanzu gidan tarihi ne. A ciki akwai kayan yaƙi da hotunan mutanen da. Ana dubansu, amma ba a taɓawa, gama in sun lalace ba a samun irinsu.

To, a waɗansu ƙasashe akwai wani irin gidan kallo dabam, inda ake ce wa yaro, "Taɓa, ja, gwada." Akwai ɗaya a birnin Filadelfiya ta Amurka, sunansa Franklin Institute. Cikin 2014 aka buɗe wani sashe a can don nuna aikin ƙwaƙwalwa. Aka ɗaura wata babbar raga mai kama da jijiyoyinta. Yara na hawa, fitilu na walƙiya, watau kamar yadda saƙo ke gudu cikin kai.

Ƙwaƙwalwa kuwa ta isa a yi mata haka. Ta babban mutum ba ta cika kai kilo ɗaya da rabi ba, amma ƙananan ƙwayoyin da ke kai saƙo cikinta sun kai wajen biliyan 86. Da ita ake gani, da ita ake tuna karatu. Gefenta na hagu shi ke sarrafa hannun dama, na dama kuma hannun hagu. Yaron da ya gwada da hannunsa ya fi wanda aka gaya wa riƙewa, gama gani ya kori ji.

Amma fa irin wannan gida yana cin kuɗi. Abin da ɗaruruwan yara ke ja kullum ba ya daɗewa, sai an yi ta gyara. Kuɗin kan fito ta hanya uku: gwamnati, da kuɗin shiga, da gudummawar masu hali. A Filadelfiya wani attajiri, Nicholas Karabots, da matarsa suka ba da dala miliyan 10. In aka dogara ga kuɗin shiga kaɗai, sai a tsauwala, ɗan talaka ya tsaya a waje. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Duk da haka makaranta tana iya fara nata da ɗan abin da ke hannu. A sayo ƙwaƙwalwar rago wurin mahauci, a dubi lanƙwashe-lanƙwashenta, sa'an nan a gina siffarta da yumɓu. A kuma sami rula. Yaro ɗaya ya riƙe ta a tsaye, wani ya buɗe yatsunsa a ƙasanta. In an sake ta, sai ya cafke. Kullum sai ta ɗan zame tukuna, domin ido ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta aika wa hannu.

Tambayoyi
1. Don me ba a taɓa kayan Gidan Makama?
2. Ta waɗanne hanyoyi gidan kallo ke samun kuɗi?
3. Me ya sa rula ke zamewa kafin a cafke ta?