Wasiƙa ga matasan Kurfai masu son komawa aji bayan lisans

Ƙannena da 'ya'yana na Filinge da sauran ƙasar Kurfai,

Maganata ga waɗanda suka riƙe lisans ce, suka yi ta ajiye takardun neman aiki ba amsa, yanzu suna shirin kama wani fanni daga tushe. Ban ga laifinku ba. Wanda ya karanta ilimin zamantakewa a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ya dawo gida ya tarar asibiti na kukan rashin ma'aikatan jinya, tashar kiwo ta Tukunus kuma da shanunta na Azawak aikin masanin dabbobi take nema, dole ransa ya raya masa komawa aji. Amma kafin ku ɗaura aniya, ku san wanda zai biya.

Tsarin LMD da jami'o'inmu suke bi hawa uku ne: lisans shekara 3, mastar shekara 2, sannan doktora. Masu ba da bursi, na gida da na waje, mai hawa sama suke tallafa wa, ba kasafai suke bin wanda ya sauko ya sake matakin da ya wuce ba. Har Ingila mai arziki, a 2008 ta janye tallafi ga mai neman digiri daidai da wanda yake da shi ko ƙasa da shi, in ban da 'yan fannoni irin likitanci, jinya da koyarwa. Hujjar tana da ƙarfi: ɗan manomin da ya ci bak, jarabawar ƙarshen sakandare, bana, wanda bai taɓa cin ko dala ta gwamnati ba, shi ya fi cancanta a fara da shi. Na yarda da wannan, amma raina yana ɓaci idan na tuna yadda yaran karkara suke zaɓen fanni. Yaro ya sauka Yamai ba wa ba kawu, ya bi layin da 'yan garinsu suka bi, ya rubuta sunansa inda aka ce da sauran gurbi. Damarsa ɗaya tak ta tafi a kan zaɓin da ba wanda ya zauna da shi ya yi masa bayani.

Sai kuma shekaru. Bursin gwamnatin Turkiyya yana son mai neman lisans ya kasance ƙasa da shekara 21, mastar ƙasa da 30, doktora ƙasa da 35. Wanda ya shiga makaranta a makare, yajin aiki ya ci masa zango, ƙofar lisans ta biyu ta rufe masa tun bai ƙwanƙwasa ba, ta mastar ma tana gab da rufewa. Don haka ku nemi mastar da take maƙwabtaka da abin da kuka karanta. Mai lisans a labarin ƙasa yana iya karkata zuwa sarrafa ruwa da ƙasar noma. Cibiyar AGRHYMET tana nan Yamai tun 1974 a kan wannan aiki, Jami'ar Tillaberi kuma da aka kafa a 2014 noma da abinci ta sa a gaba. Kwarin Dallol Boso da kuka tashi a cikinsa yana jiran irin waɗannan masana.

Wanda ya dage sai sabon fanni, ya je ofishin ANAB, hukumar bursi ta ƙasa, da ƙafarsa, da takardar bak da sakamakon kowace shekara, ya tambaya ko haƙƙinsa na bursi ya ƙare, ko akwai taimakon da ake ba marasa bursi, ya kuma nemi a nuna masa dokar a rubuce. Kada a sayar da saniyar gida a kasuwar Filinge saboda maganar da aka ji a fada. In jarabawar shiga aikin gwamnati ta fito, ku zauna ta ko da muƙamin bai kai burinku ba, domin ma'aikaci yana iya samun izinin ƙaro karatu bayan wasu shekaru, albashinsa na tafiya, gurbinsa na jiransa.