Gatari Yana Da Iyaka

Karatu: Maimaitawar Shari'a 20:19-20

Ɗan'uwa mai karatu, ka lura da inda Ubangiji ya ba da wannan umarni. A fagen yaƙi ne. Isra'ilawa sun kewaye birnin abokan gāba, suna bukatar katako, ga gatari a hannu. Duk da haka Allah ya hana su sare itatuwan da ke ciyar da mutane. Ya yardar musu su sari waɗansu, amma ya sa iyaka. In yaƙi bai zama hujja ba, balle ciniki?

Ka san madobiya. Ba a cin 'ya'yanta, amma da rani, sa'ad da ciyawa ta ƙare, ganyenta makiyayi yake sassaɓo wa shanunsa. Ashe ita ma tana ciyarwa. Da kasuwar jan katakonta ta buɗe a ƙasar Sin, sai aka faɗa wa manya-manyanta da zarto, ana loda gungume a jiragen ruwa a nan Lome. Barnar ta kai har a shekarar 2016 gwamnatin Togo ta dakatar da sararta da fitar da ita na shekara goma. Mai saran ya karɓi kuɗinsa ya cinye, makiyayi kuwa ya rasa abin ba dabbobinsa.

Tun 1977 ake dasa itatuwa a Togo kowace ranar 1 ga Yuni. Abu ne mai kyau, ka fita ka dasa. Amma kada ka ruɗi kanka. Dashen bana ba ya maye gurbin itacen da ya ga kakanka yana yaro. Inuwarsa, da tsuntsayensa, da saiwar da ke riƙe ƙasa, ba a sayensu a kasuwar Hédzranawoé.

Ga abin da ya kamata ya ba mu kunya. Ɗan kurmin Bè da ya rage a cikin birnin nan, gidaje sun matse shi ta kowane gefe, masu bautar gargajiya ne suka tsare shi don tsoron abin da suke bauta wa. Mu da muke cewa mun san Mahaliccin kurmin fa? In kai kafinta ne, ko mai sayar da gawayi, ka taɓa tambaya daga wane daji kayanka suka fito?

Addu'a: Ka roƙi Ubangiji saboda masu tsaron dajin Fazao-Malfakassa, ya kiyaye su daga toshiyar baki.