Dabinonka Ba Juya Ba Ne, Barbara Yake Jira

A gidaje da lambuna da yawa daga Tambuwal zuwa Dogon Daji, daga Jabo har Kebbe da Kuchi, za ka tarar da dabino ya yi tsawo, ya yi ganye shar, amma in kaka ta zo sai 'ya'ya ƙanana, marasa ƙwallo, masu bauri, ko awaki ba su damu da su ba. Mai shi ya ce ƙasarmu ce ba ta karɓi dabino ba, wani ma ya ɗauko gatari. Kafin a kai ga gatari, a tambaya: wa ya yi wa itacen nan barbara?

Dabino jinsi biyu ne. Akwai namiji, akwai tamata, kowanne da gindinsa. Namiji ba ya haihuwa har abada, aikinsa fitar da garin huda. Tamata kuwa in garin bai same ta ba, duk ƙwayoyi ukun da ke cikin kowace huda sai su taso tare, su tsaya a tsumbure. In ya same ta, biyu su bushe su faɗi, guda ta cika ta yi tsoka da ƙwallo. Iska tana ɗaukar garin, amma ba a dogara da ita sai inda maza suka yi yawa, kuma ba manomin da zai ba da rabin lambunsa ga itacen da ba ya haihuwa. Da hannu, namiji ɗaya mai kyau yana isar mata kusan 50. Mutanen Ingal da Bilma a Nijar sun gaji wannan aiki kaka da kakanni, kuma tashar binciken dabino ta NIFOR da ke Dutse a Jigawa tana koyar da shi.

Ba masu dabino kaɗai ke wannan ba. A Niyu Zilan, wajen garin Te Puke, akwai manyan gonakin wani ɗan itace mai suna kiwi, shi ma namiji daban, mace daban. Hudarsa ba ta da ruwan zaƙin da ke jan ƙudan zuma, girman ɗan kuma ya danganta da yawan ƙwayoyin irin da ke cikinsa, waɗanda kan haura 1,000. Don haka manoma ke tsinke hudar maza, a fitar da garin, a busar, a fesa wa mata da inji. Namu aikin bai buƙatar inji. Wuƙa mai kaifi, tsani da zaren kaba sun isa.

Da sanyin hunturu ya shigo, ka riƙa duba kan itatuwanka kowace safiya. Hudar tana fitowa ne a cikin wani kube mai tauri. Na namiji ya fi gajarta da faɗi. Ka sare shi ranar da ya fara tsagewa, ko ana gobe zai tsage, lokacin da ya yi ja-ja kuma ka ji ya yi laushi in ka matsa. In ka bari ya buɗe sosai, iska ta riga ka kwashe garin. Ka buɗe kuben, ka rarraba silin hudar, ka shanya su bisa takarda a cikin ɗaki mai shan iska kwana biyu zuwa uku. Kada ka shanya a rana, kada ka kusantar da wuta, zafi yana kashe garin. Kada kuma ka ƙulle ɗanyar huda a leda, za ta yi fumfuna.

Wurin tamata ne ake yawan asara, domin lokacinta ƙanƙane ne. Daga ranar da kubenta ya tsage, kwana biyu zuwa huɗu ne mafi kyau. Wanda ya ce sai ya dawo daga cin kasuwar mako, sau da yawa ya makara. Ka fara datse ƙayoyin da ke gindin rassan kusa da hudar, don ƙayar dabino ba ta da wasa, tana huda hannu har ta kumbura. Ka hau da hantsi, bayan raɓa ta bushe, ka cire kuben, ka ɗauki sili biyu ko uku na namiji, ka karkaɗa su a kan hudar, sannan ka cusa su a tsakiyarta kai ƙasa, ka ɗaure da kaba sako-sako yadda nonon zai samu wurin buɗewa. Itace ɗaya ba ya fitar da nonnansa rana guda, saboda haka za ka hau shi sau da yawa cikin 'yan makonni. Ranar da iskar hunturu ke kaɗawa da ƙarfi ka jira ta lafa. In hudar ta zo kusa da damina kuma ruwa ya sauka sa'o'i kaɗan bayan ka gama, sake aikin.

Wani lokaci tamata kan riga namiji buɗewa. Maganin wannan ajiya ce: garin da ya bushe sarai, a zuba a kwalba mai murfi, a sa a firiji, yana kaiwa baɗi. In kaɗan ne, a gauraya shi da garin fulawa, a dangwala auduga a ciki, a cusa ƙulli biyu a kowane nono.

Wanda ba shi da namiji zai nema wurin maƙwabci, kuma nan nake so a yi hattara. Ba kowane namiji ne na kirki ba. Garin yana shafar girman ɗan dabino da lokacin nunarsa, don haka ka nemi wanda aka ga amfaninsa a wani lambu. Hudar da ka ga ta yi baƙi-baƙi ko tana ruɓewa cikin kube, ƙone ta, domin cutar ruɓewar huda tana bin silin zuwa itace mai lafiya. Masu kiwi sun ɗanɗana irin wannan: a 2010 cutar Psa ta ɓulla a Te Puke ta halaka gonaki masu yawa, ana kuma zargin ta shigo ne ta kayan huda da aka kawo daga waje.

Mai shirin sabon lambu kuma ya sani, in ƙwallo ya shuka, kusan rabi maza za su fito, ba kuma zai gane ba sai bayan shekara huɗu ko biyar ko fiye, ranar da suka yi huda. Ɗan da aka cire daga gindin uwa shi ne ke ɗauko jinsinta da zaƙinta. Ka sayi 'ya'yan gindi daga tamatar da ka ɗanɗana dabinonta, ka haɗa da namiji ɗaya ko biyu, ka dasa mazan ta arewa maso gabas inda iskar hunturu ke fitowa.