Darasinmu Na Wannan Wata: Haƙƙin Makaho Da Kurma A Kan Takardun Karatu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Rahama da iyalan gidansa da sahabbansa. 

Duk wadda ke zaune a Gyallesu ta san yadda hanya ke cika da ɗalibai da sassafe, wasu sun nufi makarantar horar da malamai da aka fi sani da FCE, wadda aka kafa tun 1962, wasu kuma sun nufi Kongo. Da yawa daga cikinmu ma mun bi wannan sahu, wata da goyo a baya. To amma 'yar'uwa, kin taɓa tsayawa kin tambayi kanki yadda makauniya ko kurma ke samun abin da kike samu a aji cikin sauƙi?

Abin da ya sa na ɗauko wannan darasi shi ne wata 'yar ƙanwata, makauniya, da ke karatu a wata kwaleji a wani gari. Da ta zo hutu sai na ga jakarta cike da takardun darasi, irin waɗanda ɗalibai ke kira handawut. Duk ta biya kuɗinsu kamar kowa. Na ce, "To wa ke karanta miki?" Ta ce, "Inna, sai dai in jira ƙawata ta gama nata karatun da dare, in ba ta gaji ba ta karanta mini shafi biyu ko uku. Makon jarrabawa kuwa kowa ta kansa yake yi." Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai. An ba yarinya gurbin karatu, an karɓi kuɗin makaranta, amma ilimin da ke cikin takardar bai kai gare ta ba.

Matsayin Musulunci

Neman ilimi wajibi ne a kan kowane Musulmi, kuma shari'a ba ta cire makaho ko kurma ko gurgu daga wannan wajibi ba. Malaman tafsiri sun bayyana cewa farkon Suratu Abasa ya sauka ne a kan Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da ya zo neman a sanar da shi addini a lokacin da hankali ya karkata ga manyan Ƙuraishawa. Allah Maɗaukaki ya saukar da ayoyi yana nuna cewa wannan mai neman ilimin ya cancanci a juyo gare shi. Daga baya shi ne ya zama ladanin Manzon Allah (SAW) tare da Bilal, kuma an sha barin sa yana yi wa mutanen Madina limanci idan an fita yaƙi.

Haka nan Imam Shaɗibi, wanda ya rasu a Misra a shekara ta 590 bayan Hijira, makaho ne, amma har gobe masu nazarin ƙira'o'in Alƙur'ani a ƙasar nan da littafinsa suke karatu. A nan gida ma, tsarin zaure da makarantar allo bai kori makaho ba, domin malam yana biyawa da baki, ɗalibi yana ji yana maimaitawa. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi irin wannan hikima da ta mayar da darussa waƙoƙi cikin Hausa da Fulatanci, jajis suka haddace suka kai wa matan ƙauye da ba su iya karatu ba. Wato ta dubi halin ɗaliba sannan ta tsara darasi daidai da ita.

Ina Matsalar Take?

Karatun kwaleji a yau ya dogara ne a kan ido da kunne. Malami ya rubuta a allo ya ce "ku kwafe wannan", bai karanta da murya ba, makaho ya tashi a tutar babu. Ya juya baya yana rubutu yana magana, kurman da ke lura da leɓensa ya rasa komai. Handawut kuma an yi ta buga kwafi a kan kwafi har rubutun ya dushe, zabiya da mai raunin gani ba sa iya karantawa. Sai kuma ɗakin lacca ko laburare a saman bene, mai keken guragu yana ƙasa.

Akwai wani abu da yawancinmu ba mu sani ba. Makafi yanzu suna amfani da waya da kwamfuta ta hanyar manhaja mai karanta rubutu da murya: TalkBack a wayoyin Android, VoiceOver a iPhone, sannan NVDA a kwamfuta, wadda kyauta ce, wasu makafi biyu 'yan Ostireliya suka samar da ita. Amma manhajar haruffa take karantawa, ba hoto ba. Idan shugaban aji ya ɗauki hoton shafi ya tura a WhatsApp, galibi wayar makaho za ta ce masa "hoto" kawai. Da malamin ya tura ainihin rubutun da ya buga a kwamfuta, da ɗalibin ya saurari darasinsa shi kaɗai, ko a buga masa da injin rubutun Braille, wato rubutun ɗigo shida da ake shafawa da yatsa, wanda Louis Braille ɗan Faransa ya ƙirƙiro a 1824.

Me Doka Ta Ce?

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci. Dokar ta ce makarantun gwamnati, tun daga firamare har manyan makarantu, su zama kowa na iya shiga ya yi karatu, su tanadi ma'aikaci mai horo da kayan aiki na musamman. Ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Nijeriya ta kuma amince da yarjejeniyar Marrakesh a 2017, wadda ta halatta mayar da littafi zuwa Braille ko murya domin makafi. Tun 2017 hukumar JAMB ke shirya wa makafi jarrabawa ta musamman a cibiyoyi, ciki har da Kano. Ashe ke nan uwar da ta je ta nemi a ba 'yarta darasi ta hanyar da za ta iya karantawa, haƙƙi ta nema ba alfarma ba.

Abin Da Za Mu Iya Yi

1. Idan ke malama ce, ranar farko ki sanar cewa duk mai wata buƙata ya same ki a keɓe. Da yawa kunya ke hana su magana.

2. Ki bayar da rubutun darasi tun kafin lacca, a fayil ɗin da aka buga, ba hoto ba. Mai raunin gani ki buga masa da manyan haruffa, lamba 18 ko sama.

3. Duk abin da kika rubuta a allo ko kika haska da majigi ki faɗe shi da baki. Zane da taswira ki siffanta su, kada ki ce "kamar yadda kuke gani".

4. Ki fuskanci aji in kina magana, ki zaunar da kurma a gaba kusa da mai fassara da hannu. Mai niƙabi ta nemi hanyar ba ɗalibin darasin a rubuce cikakke.

5. Ki bar makaho ya naɗi lacca a waya, ki ƙara masa lokaci a jarrabawa, ki nemi a sauko da ajin ƙasa idan akwai gurgu.

6. Idan ke ɗaliba ce ko uwar gida mai ilimi, ki ware minti 30 bayan sallar Isha ki karanta babi ɗaya a waya ki tura. Mata 10 za su iya gama handawut guda a mako, kuma zai amfani masu zuwa a baya. Ilimin da ake amfana da shi yana cikin ayyukan da ladarsu ba ta yankewa bayan mutuwa.

7. Iyaye mata, mu daina ɓoye yaro a ɗaki ko tura shi bara. Akwai makarantar Tudun Maliki a Kano mai koyar da kurame da makafi, akwai irinta a Kaduna. Wanda ya koyi Braille ko maganar hannu da wuri shi ke jin daɗin kwaleji.

A zaman ta'aliminku na gaba, kowane reshe ya tattauna tambayoyi biyu: ɗalibai nawa masu nakasa muka sani a unguwarmu, kuma su wa za su ɗauki nauyin yi musu karatu a wannan zangon? Islamiyyoyinmu ma su shiga lissafi, domin akwai Alƙur'ani na Braille, kuma ƙungiya za ta iya haɗa kuɗi ta nemo ko da kwafi ɗaya ne.

Allah ya ba mu ikon sauke amana, ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, ya yafe mana kurakuranmu. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.