Harafi Guda da Ya Jawo wa Bawan Allah Tuhuma

Wani ƙaramin kamfani mai rubuta manhajar albashi ya kira ni in binciki uwar garkensu ta Gitea, domin sun tuhumi wani matashin ma'aikacinsu da lalaci da ƙarya, har sun riƙe masa albashi, alhali shi kuwa yana ta rantsuwa cewa magariba ba ta taɓa yi masa bai tura aikinsa ba. Da na duba, sai na tarar da ma'ajiya biyu waɗanda ba abin da ya raba sunayensu illa harafi guda da yatsansa ya tsallake ranar da aka sauya adireshin uwar garken. Ita kuwa, maimakon ta ƙi karɓa ta ce ba ta san wannan suna ba, sai ta ƙago sabuwar ma'ajiya nan take, ta yi ta haɗiye wahalarsa, kuma duk sa'ad da ya jawo aikin 'yan'uwansa sai a ce masa babu sabon abu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, masu Gitea sun bar wannan dama a rufe tun asali, sun kuma tsara cewa ko an buɗe ta, ma'ajiyar da ta haifar ta zama ta sirri. Wani ɗan kwangila mai da'awar ƙwarewa ne ya buɗe ta, sa'an nan, saboda gafala ko jahilci, ya mai da ma'ajiyar da take haifarwa bainar jama'a, ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba. Kalmar sirrin rumbun bayanan kamfanin tana cikin wani fayil a sabuwar ma'ajiyar, a fili, ga duk mai wucewa a intanet. Shugaban kamfanin ya ce a goge fayil ɗin a huta, kamar bai san tarihin Git ba ya mantuwa!

GitHub ba ya yarda da ƙago ma'ajiya ta hanyar turawa. GitLab ya yarda tun 2018, amma a sirrance, yana kuma sanar da kai. Ƙin karɓa rahama ce. Kada ku buɗe wannan dama sai da hujja, in kun buɗe kada ma'ajiyar ta fita daga sirri. Kalmar sirrin da ta fallasa, sauya ta wajibi ne, gogewa ba ta wadatarwa. Ku riƙa karanta abin da allo ya mayar muku bayan turawa. Na sake faɗa, kada ku buɗe wannan dama don gudun latsa maɓalli biyu.

Ku shugabanni kuma, ku ji tsoron Allah, ku binciki na'ura kafin ku taɓa haƙƙin ma'aikaci.