Amsar Tambaya: Shan Tramadol Bayan Tiyata

Tambaya: Wani mai karatu daga Fagge yana neman sanin yadda mahaifinsa zai sha Tramadol da likita ya rubuta masa bayan tiyata ba tare da ya cutu ba.

Amsa: Tramadol yana cikin dangin ofiyod, wato magungunan da ke danne raɗaɗi ta hanyar aiki a ƙwaƙwalwa, kuma babban haɗarinsa shi ne yana rage numfashi idan aka wuce ƙima ko aka haɗa shi da diazepam ko barasa, har ma yakan haddasa jijjiga irin ta farfaɗiya. Wajibi ne a tsaya kan adadi da lokacin da likita ya rubuta, a kuma saye shi a kantin magani mai rajista, domin hukumar NAFDAC ta amince da ƙwaya mai miligiram 50 da 100 ne kawai, saboda haka mai 225 da masu talla ke yawo da ita a Sabon Gari haramtacciya ce. Wanda ya daɗe yana sha ba ya dainawa farat ɗaya, sai likita ya rage masa sannu a hankali. Idan dattijon ya yi barcin da aka kasa tashinsa, ko numfashinsa ya yi ƙasa, a garzaya da shi Asibitin Murtala nan take.